Gadar da Tencha Ta Ce a Jira Ta

Duk wanda ya san Evaristo Barría a shekarun ƙarfinsa, da an ce masa wata rana zai gan shi zaune gaban talabijin yana sare itacen ƙarya da babban yatsa, da ya ce mai maganar ya sha wani abu. Kusan shekara hamsin ya yi yana ƙera kwale-kwale a bakin ruwan Dalcahue, ɗan garinmu da ke kan tsibiri. Yana ɗan sha huɗu mahaifinsa ya damƙa masa gizago, bai ajiye ba sai da kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Mutum ne mai azarɓaɓi, ba ya iya ganin aiki a buɗe. In ya fara jirgi ran Litinin, kafin Laraba ya fara zagin katako don bai bushe ba. Ko miya ba ya jira ta huce, kullum da ƙunar harshe yake tashi daga tebur.

Matarsa Hortensia, wadda kowa ke kira Tencha, ita kuwa Allah ya zuba mata sanyin jiki. Shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abinci, ba wanda ya taɓa ganin ta da gudu. Saƙar safar ulu ƙafa ɗaya sai ta ci mata wata guda. Yadda waɗannan biyu suka zauna shekara arba'in ba wanda ya shaƙe wani, har yau mu 'yan unguwa muna mamaki.

Da ciwon zuciya ya zaunar da Tencha a gida, 'yarsu ɗaya tilo, Maricel, wadda ke aiki a wani kantin magani a babban birni Santiago, ta kawo mata na'urar wasa ta hannu, ta haɗa da talabijin. Wasan ba na harbe-harbe ba ne. Kana isowa wani ɗan gari da ya lalace, a ba ka tsohon shagon ƙira. Ka sari itace, ka haƙo ƙarfe, ka ƙera kujeru da fitilu da duk abin da mutanen garin suka liƙa a allon sanarwa. Waɗannan ƙananan ayyuka ba sa taɓa labarin. Sai ka cika babban aikin da magajin gari ya ba ka, sannan labarin ya matsa gaba, garin ya canza. Tencha ta sa wa yarinyar da ke cikin wasan sunanta, ta ɗora mata jar hula.

Kwana uku Evaristo ya yi yana leƙe ta bayan murhu, sannan haƙurinsa ya ƙare.

"Tsohuwa, wa ya ce musu haka ake haɗa katako? Ba ƙusa, ba manne, ki danna abu kawai tebur ya faɗo?"

"To zo ka koya musu mana, sarkin kafintoci."

Ya zo don ya koya musu, bai sake tashi ba. Suka raba aiki. Ita ke yawon gari, ta gaida wannan, ta kai wa wancan furanni, in an shiga shago ta miƙa masa abin dannawa. Rigimarsu ɗaya ce, kuma kullum sai an yi ta.

"Mutumin nan sati uku ke nan yana jiran famfonsa!"

"Ya jira. Ka ga ƙishirwa ta kashe shi?"

"Kayan aikin duk suna nan, minti biyu ne fa."

"Kai komai naka minti biyu ne. Zauna ka sha shayinka."

Tencha tana cikin wani zauren hira a waya na matan da ke buga wasan, daga garin Temuco har birnin Lima, kuma su suka koya mata dabarun riƙe labari. A rage gudun agogon wasan har ƙasa. Wasiƙa mai jan hatimi in ta zo, a bar ta a akwati, don buɗe ta ne ke tayar da aiki. Kada a bi ta gaban ofishin magajin gari da safe, zai tare mutum da sabuwar magana, a zagaya ta bayan gonar dankali. Yara suna gama wasan nan a wata guda. Tencha ta shekara da wata biyu ba ta kai rabi ba, kuma tana alfahari da hakan.

Sai aka zo maganar gada. Garin wasan yana bakin kogi, wani tsoho mai fito ke ƙetarar da mutane, kuma kowace safiya Tencha sai ta kai masa miyar kifi. Matan zauren sun gaya mata cewa ranar da aka gama gadar za a yi babban biki, amma daga nan motoci za su shigo, a tashi kasuwa, tsohon mai fito ya haɗa kayansa ya bar garin. Evaristo bai saurari wannan ba. Cikin kwana huɗu ya narka ƙarfe, ya ƙera komai, ya miƙa, saura ginshiƙi ɗaya na ƙarshe. Shi ma ya ƙera shi, yana shirin fita da shi Tencha ta fizge abin dannawa, ta jefa ginshiƙin cikin akwatin da ke gefen gado.

"Mu mutanen tsibirin nan tun muna yara ake mana alkawarin gada," ta ce. "Su ma su ɗanɗana."

Wata biyu bayan haka likita ya tura ta birnin Puerto Montt da ke ƙetaren ruwa a yi mata aiki. Suna cikin jirgin fito, motarsu a tsaye, ruwan sama na dukan gilashi, ta kama hannun rigarsa.

"Tsoho, na san hannunka yana ƙaiƙayi. Kar ka kai musu ginshiƙin nan. Ka jira ni, ina so in ga bikin."

"Ke dai mu je mu dawo."

"Rantse."

"Haba, a kan wasan yara? To na rantse."

Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. A akwati aka ƙetaro da ita.

Sati uku bai taɓa na'urar ba. Ranar da ya kunna, yarinya mai jar hula ta tashi daga gado, ta buɗe ƙofa, mai gasa burodi ya ɗaga mata hannu, rubutu ya fito a ƙasa: Barka da asuba, Tencha. Evaristo ya daɗe yana kallon rubutun. A Dalcahue an riga an fara cewa marigayiya, a can kuwa ba wanda ya san an yi mutuwa.

Daga ranar, kullum bayan abincin rana sai ya ƙara itace a murhu, ya ja kujera. Ya kai wa mai fito miyarsa, ya shayar da furanni, ya zagaya ta bayan gonar dankali. Wasiƙu masu jan hatimi suka taru, bai buɗe ko ɗaya ba. Don ya ba hannunsa abin yi sai ya riƙa ƙera kujeru, ya cika akwati, ya ƙera wani akwatin, har filin shagon ya rasa wurin taka ƙafa. Kar wani ya ce daɗin abin yake ji. Mutumin da ba ya iya barci in ƙusa ɗaya ta rage, shi ne kullum yake wucewa ta gefen gadar da ta tsaya a tsakiyar ruwa, abin da zai gama ta yana cikin akwatinsa. Yana ci masa rai ƙwarai, ya kuma daure, shekara biyu cur.

Masu baki ba su bar shi ba. Uberlinda ta gidan kusa, wadda ba abin da ke wuce tagarta, ta baza cewa kan tsohon ya fara taɓuwa. Ni dai ban ga bambancinsa da ita ba, da take zuwa maƙabarta duk Lahadi tana ba dutsen kabari labarin farashin gari. Amma gaskiya ya rame. Ya daina sauka bakin ruwa wurin tsofaffin abokan aikinsa, abincinsa ya koma burodi da shayi.

A watan Fabrairu Maricel ta zo hutu. Kwana biyu tana lura da shi. A na uku, bayan ta kwashe kwanukan da bai ci rabin abin da ke ciki ba, ta zauna a hannun kujerarsa yana cikin wasan.

"Baba, me ya sa kake wannan doguwar hanya? Ga titi nan miƙe."

"Magajin gari zai tare yarinyar."

"To ya tare ta mana."

"Maganar gada zai yi."

"Har yanzu ba ka gama gadar ba? Kai?"

Bai kalle ta ba. "Uwarki ta ce in jira ta. Ta sa na rantse a cikin jirgi. Tana so ta ga bikin."

Maricel ta rufe bakinta da hannu. Ba ta san da rantsuwar ba, shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ta tashi ta je taga, ta dawo, idonta ya yi ja.

"Baba, ta gani."

"Ta ga me?"

"Bikin. Ka tuna kwana biyun da ka dawo gida don kaji da alade? Ranar likita ya yi mana magana, ita ma ta gane ba tashi za ta yi ba. Ta ce in nemo mata a waya, akwai waɗanda suka ɗauki wasan tun daga farko har ƙarshe. Muka kalla tare. Sau biyu ta sa na maimaita."

Evaristo ya ajiye abin dannawa a cinyarsa. A talabijin yarinyar ta tsaya cik a bakin gona, iska na kaɗa ganyen dankali.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Ta ce in ka ji ta gani, ka san ta cire rai ke nan, kuma ba za ta iya kallon fuskarka ba. Ni kuma na ɗauka ka gama wasan tun tuni. Wallahi da na sani, Baba..."

Ya juya ya kalli wutar murhu. Abin da ya fi yi masa ciwo ba ɓoyewar ba ce. Ya tuna ranar da ya koma asibitin, yana ta ba ta labarin kaji, yana cewa in sun koma gida za su yi kaza da kaza, ita kuma tana gyaɗa kai tana murmushi.

"Ya burge ta?" ya tambaya a ƙarshe.

Maricel ta yi dariya da hawaye a fuska. "Ta ce gadar a karkace take. Ta ce da kai aka bar wa zanen da ba haka ba. Amma ta yi kuka wurin mai fito."

"Ai za ta yi."

"Baba, ka san wasan ba ya adana komai sai yarinyar ta kwanta barci. Ka kai ginshiƙin, ka ga abin da ta gani. In an gama sai mu kashe na'urar, gobe ka tarar da komai yadda yake. Haka kowa ke yi in yana son leƙen gaba."

Ya daɗe kafin ya ɗauki abin dannawa. Ya kai yarinyar gida, ya buɗe akwatin gefen gado. Ginshiƙin yana nan inda Tencha ta jefa shi. Ya ɗauko shi, ya bi titi miƙe zuwa bakin kogi, ya miƙa.

Aka buga ganguna, aka rataya fitilu, duk garin ya fito. Magajin gari ya yi dogon jawabi kamar na kowane magajin gari. Mai gasa burodi ya raba waina, yara suka ruga kan gadar. Can gefe tsohon mai fito ya ɗaure kwale-kwalensa, ya saɓa jaka, ya zo gaban yarinyar ya ce ya gode da miya, ba wanda ya taɓa kula da shi haka. Ya hau gadar ya tafi, bai waiwayo ba.

"A karkace take," Evaristo ya ce. "Ta yi gaskiya."

"To kawo in kashe, Baba."

Bai ba ta ba. Ya taka da yarinyar kan gadar a hankali, ba tare da danna gudu ba, har ɗaya gaɓar, inda Tencha ba ta taɓa sa ƙafa ba. Ba wani abin kirki a can, ciyawa ce da benci ɗaya. Ya zaunar da ita, suka kalli garin daga nesa har rana ta faɗi a wasan. Sannan ya tashe ta, ya mai da ita gida, ya tsayar da ita a bakin gado. Rubutu ya fito yana tambaya ko za ta kwanta, a adana ranar.

Maricel ta dafa hannunsa. "In ta kwanta babu komawa fa. Mai fito ba zai dawo ba, kasuwar ma za a tashe ta."

"Na sani, 'yata." Ya share fuska da bayan hannu. "Ba za ta zo ba. Tun tuni na sani, ban dai so in zama ni zan faɗa ba."

Ya danna. Yarinyar ta cire jar hular, ta hau gado, ɗakin ya yi duhu.

"Sai da safe, tsohuwa," ya ce.

Ya kifa kansa a kafaɗar Maricel, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.