Shunin Turkudin Inna

Shekarar da rijiyarmu ta Birni ta rufta, saura damana biyu Nasara su tafi, na rantse sai idona ya fi na kowa ƙyalli a bikin 'yar kawuna. Na lakaci man shanu, na murza a gefen turkudin Inna, zanenta mai sheƙin shuni, na shafe fatar ido da kitso. Gefen zanen ya koɗe.

Inna ta ce, "Ke, wa ya lashe mini zane?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Ki bari sai bayan biki ki doke ni, kada hawaye su wanke mini shunin."

Ta bari, kuma ta cika alkawari. Cikin waɗanda suka ga idona ranar, amaryar kaɗai ta rage. Tana garin Tirmini, ku tambaye ta.