Saniyar Manu

Duk wanda ya ci nama a Kwandiko a wancan zamani, to wuƙar Sabo ce ta bi ta wuyan dabbar. Gajeren mutum ne, magana sai an ciro ta da ƙugiya, fuska kullum a murtuke.

A mayankar Birnin Kudu ya koyi yanka, a hannun wani dattijo, Malam Gwadabe, ana dab da samun 'yancin kai. Ran nan aka kawo tunkiya a galabaice, kafin Sabo ya gama wasa wuƙa ta cika. Ya waiga bai ga kowa ba, ya yanka abinsa, ya ce ai da ranta, ta shura ƙafa. Malam Gwadabe ya zo ya dubi jinin, baƙi ƙirin, ko tsartuwa bai yi ba. Bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Tsoka ɗaya ya sa aka gasa, ya miƙa masa.

"Bismilla. Kai ka shaida, kai za ka fara ci."

Sabo ya kai baki, hannu ya ƙi. Dattijon ya ce, "Masu saye ba su ga komai ba, da idonka suke ci." Tun daga ranar, Sabo bai taɓa idar da salla ba tare da ya sa malamin nan a addu'a ba. Ya kan ce mahaifi ya haife shi, amma Gwadabe ne ya mai da shi mutum.

Sai ga shekarar fari, wadda aka fito da naira. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, mata suka koma tonon gidan tururuwa. Manu, yayan Turai matar Sabo, garkensa ya ƙare ƙaf sai saniya ɗaya, ita ma ta kwanta a bayan gari ta kasa tashi. Lissafinsa a fili yake: a yanka, a kai naman kasuwar Gwaram, a auno hatsin da zai kai yara damina. Ya zo da gudu ya kira Sabo.

Suna isa, Sabo ya durƙusa ya dafa wuyanta. Da ɗuminta, amma rai ya yi halinsa. Ya taɓa idon, bai ƙifta ba.

"Ta riga mu, Manu."

Manu ya duba gabas da yamma. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Daga ni sai kai a nan. Ɗora wuƙar kawai. 'Ya'yana 'ya'yanka ne."

Wallahi Sabo ya so ya ɗora. Sai da ya zare ta rabi daga kube, hawaye na bin gemunsa. Daga baya ya mayar.

"Ba zan iya cewa na yanka ba."

Liman ya ce larura ta halatta wa gidan Manu su ci, ban da sayarwa. To me ke jikin saniyar fari? Fata da ƙashi. Sabo ya raba ɗan ragowar dawarsa biyu ya kai musu, ba ta je ko'ina ba. Manu ya kwashi iyalinsa ya nufi kudu neman abinci, ko sallama babu. A hanya aka binne autarsa, Ma'u.

Bayan fari sunan Sabo ya kai Fagam, ya kai Yalwan Damai. In aka ce yankan Sabo ne, ba mai ƙara tambaya. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma sake bi ta bayan garin nan ba.

Turai ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Ta ci gaba da dafa naman da ya kawo, ta zuba masa, ta zuba wa yara, ita kuma ta koma gefe da tuwonta da miyar kuka. Har ta koma ga Allah, ba ta sake sa yankan mijinta a baki ba.