Tafiyar da Baba Bai Yi Ba

Tun ina firamare Baba da ƙaninsa Baffa ba sa ga-maciji, kuma a kan kakarmu ne. Da ta kwanta ciwo, Baffa ya zo Bebeji a ranar da Baba yake lambunsa na bakin Tiga, ya ɗauke ta zuwa Riruwai, wai can za ta fi samun kulawa. Can ta cika, aka binne ta kafin Baba ya isa. Daga ranar ya hana a ambaci Baffa a gidanmu.

Shekaru suka ja, shi ma Baffa ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a gaya wa Baba ya zo su gana. Ina tsakar gida na ji Baba a zaure yana gaya wa wanda aka aiko cewa albasarsa na bukatar ruwa. Ba a daɗe ba labarin rasuwa ya zo. Ko ta'aziyya bai je ba, Inna ce ta je da mu.

A lokacin na fara rubuta gajerun labarai ina turawa zaurukan karatu na waya. Sai na rubuta wani a kan wa da ƙane masu gaba. A nawa labarin, wan ya ajiye fartanya, ya shiga motar Tudun Wada, ya ƙarasa a babur, ya tarar da ƙanin da sauran numfashi, suka yafi juna. Na sauya garuruwa, albasa ta koma tumatir. Masu karatu suka yi ta yabo, ni kuma na ji sanyi a raina.

Wata ranar kasuwa sai ga babbar 'yar Baffa, wadda muke kira Yaya. Ko mayafi ba ta cire ba, ruwan da na kawo mata ma ba ta kalla ba. Ta ce ita ta yi jinyarsa, kuma duk motar da ta tsaya a titi sai ya tambaya ko yayansa ne.

"Ubana ya mutu yana kallon ƙofa," in ji ta. "Ke kin zauna a ɗaki kin shigo da naki uban ta cikinta. Wa ya ba ki izini?"

Na ce ai ƙagaggen labari ne. Ta ce in ƙagagge ne, me ya sa tarin mara lafiyan irin na Baffa ne sak.

Muna cikin haka Baba ya dawo daga lambu, ƙafafunsa duk laka. Yaya ba ta rusuna ba, a tsaye ta karanta masa ƙarshen labarin daga wayarta. Na zaci zuciyarsa za ta karye. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya juyo gare ni.

"Ni na ce miki ina nadama? Ko yau aka sake aikowa, lambu zan tafi."

Yaya ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce gara shi, bai yi mata ƙarya ba. Ta fice ba sallama.

Na goge labarin, amma an riga an tura shi wurare da dama. Baba ya daɗe yana amsa gaisuwata da ka kawai. Bayan damina na haɗu da Yaya a wani biki a Kiru. Na durƙusa zan gaishe ta, ta naɗe tabarmarta ta koma inuwar wani ɗakin.