Ɗan Farin Ɗangiwa

Duk wanda ya yi firamare a Kebbe zamanin Jihar Arewa ya san Malam Armaya'u, ya kuma san faɗansa. Dogo ne siriri, ga murya da ake ji tun daga bakin kasuwa. Bai cika duka ba, harshensa kaɗai ya ishe ka kuka. Yara kan ce da fushi aka haife shi. Ƙarya suke yi. Da girmansa ya same shi, a zauren ubansa, can Fakku.

Shi ne ɗan farin Ɗangiwa, wani manomi mai 'yan shanu. A ƙasar nan kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake zaune, ba ya sa baki a al'amarinsa a gaban idonsa. Ana yaye Armaya'u aka miƙa shi gidan Namadi, ƙanen uban, mai fataucin hatsi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, amma in Ɗangiwa zai ambace shi sai ya ce "yaron gidan Namadi", kamar ɗan maƙwabta.

Da aka zo ɗaukar yara makaranta, shi aka tura. Ashe kai gare shi. Daga Kebbe ya wuce Tambuwal, daga Tambuwal sai sakandare a Sakkwato, ko'ina yana gaba ana binsa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ya gama aji biyar, hanya ta rabu biyu a gabansa. Ko dai ya zarce aji shida, ya yi shekara biyu, daga nan a buɗe masa ƙofar jami'a. Ko kuma ya shiga kwalejin horon malamai, ya fito da takardar koyarwa a dawo da shi gida. Armaya'u bai yi wani dogon tunani ba. Yana ƙarami ya ga yadda ciwon bushiya ya kwantar da shanun gidansu ɗaya bayan ɗaya, ubansa na tsaye yana kallo hannu a baya. Tun ranar ya sa a ransa likitan dabbobi zai zama, kuma ta aji shida kaɗai ake bi a kai can.

An ba shi gurbi. Abin da ya rage shi ne a ji daga bakin iyaye, don shugaban makarantar ba ya riƙe yaro tsawon lokaci haka sai magabata sun ce sun yarda. Aka ɗora wa malamin ajinsu, Malam Abdulwahabu, mutumin Tambuwal, ya je ya jiyo idan an yi hutu.

Ya iso Fakku a kan keke da hantsi, ana tsakiyar ɗaukar dawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren Ɗangiwa, aka kira Namadi, dattawan unguwa suka shigo. Armaya'u kuwa ya sha wanka, ya sa farar rigarsa ta makaranta, ya zo ya nemi wuri daura da malaminsa ya zauna. So yake yau dai ya ji da kunnensa ubansa ya ce wani abu a kansa. Zaman birni ya mantar da shi inda yake. Malam Abdulwahabu, da ya kamata ya ƙifta masa ido ya fita, hankalinsa na kan ya koma Kebbe kafin motar kasuwa ta tashi.

Malamin ya zayyana hanyoyin biyu, ya yabi yaron har ya gaji, sannan ya juya ga mai gida. "To, Baba, mi kaka gani? Shi wuce gaba, ko shi tafi koleji?"

Ɗangiwa ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ga mai shi nan zamne. A tambaye shi."

Namadi, da shi ake nufi, ya gyara zama, dama kaɗan yake jira. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya, amma mutum ne da duniyarsa ta tsaya a kasuwar Jabo. Ya ce, "Malam, karatun ga ba ya ƙarewa na? Shekara biyu, sannan a ƙara fuɗu ko biyar? Shi tsufa bisa benci? Ni na rene shi, ina son in gane shi kusa. Shi yi kolejin shi komo gida."

Armaya'u ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya manta da ladabi, ya manta da dattawa, ya fuskanci ubansa kai tsaye. "Baba, kai anka tambaya. Ka ce wani abu mana!"

Dattawa suka ɗauki salati. Ɗangiwa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida. Malam Abdulwahabu ya hau kekensa da amsar da ya samu. Kafin a koma hutu an ba wani gurbin.

Ranar Armaya'u bai ci abinci ba. Ya tafi bayan rumbuna ya zauna yana huci, zuciyarsa na tafasa. A nan Gwaggo Marka, yayar ubansa, ta same shi. Ita ba ta da kunyar kowa, ba kuma ta iya lallashi ba.

Ta ce, "Kai wane irin sakarai na? Mi ya zaunar da kai cikin zauren nan? Tun shekaranjiya ubanka yac ce min in malamin ya zo, shi da kainai za shi faɗa mai a bar yaro shi yi karatu har inda karatu yaƙ ƙare. Da ka fita, da ya faɗa. Kana zamne kana kallon bakinai, ta ina maganar za ta fito?"

Wannan ita ta ƙarasa shi. Da ƙin yarda uban ya yi, da ya san inda zai ajiye fushinsa. To ashe yana so, maganar tana bakinsa, ya haɗiye ta don kada a ce Ɗangiwa ya yi rashin kunya a gaban ɗansa. Haba! A ce rayuwar mutum guda ta karkace saboda wani ba zai iya ɗaga kai ya furta kalma biyu ba? Kuma a kira abin da suna tarbiyya, har a yaba.

Ya je kwalejin, ya fito da sakamako mai kyau, don ko yana fushi kansa ba ya ƙin aiki. Aka turo shi Kebbe. Ya koyar tsakaninsa da Allah, sai dai ba ya haƙuri da yaron da aka tambaya ya sunkuyar da kai. "Ɗago ka yi magana!" Haka zai daka tsawa har ajin ya girgiza. Duk shekara in ma'aikatan allurar shanu suka sauka a garin, Malam Armaya'u ba ya bi ta wajen. A wannan makon kuwa ko ƙuda ya gifta ajinsa sai ya ji a jikinsa.

Yana zuwa Fakku gaisuwa kamar kowane ɗa. Ya durƙusa daga nesa, uban ya amsa yana kallon bango. Ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Ya yi aure, matarsa Fatsuma ta haifi mace. Aka yi suna a Fakku, a ƙofar wannan zauren dai. Bisa al'ada, ranar sunan 'yar fari uba ɓuya yake yi, abokai su yi ta nemansa suna tsokana. Liman ya raɗa suna, maroƙi ya sanar, ana shirin shafa fatiha, sai ga Armaya'u ya fito daga cikin gida da jaririyar a hannunsa, mata na binsa suna ihu. Ya tsaya tsakiyar maza, idanunsa jajir.

Ya ce, "Wagga ɗiyata ta. Hadijatu sunanta. Hadijatu! Ku ji da kyau, ni ubanta nika kiran ta, kuma duk ranar da anka tambaye ni a kanta, gaban idonta zan amsa."

Wuri ya hargitse. Wasu suka ce boko ya taɓa masa kai. Namadi ya zabura, hularsa har tana faɗuwa, ya nufo shi zai ƙwace jaririyar. Sai Ɗangiwa, da ya tsufa yanzu yana dogara sanda, ya miƙa sandar ya tare ƙanen nasa a ƙirji. Bai dubi Armaya'u ba. Ƙasa yake kallo, yadda ya saba.

Ya ce, "Bar shi, Namadi. Shi ya iya."

Armaya'u ya tsaya da 'yarsa a hannu, hawaye na zuba, ya rasa na fushi ne ko na mene ne. Tun da aka haife shi bai taɓa jin ubansa ya tsaya masa ba sai ranar, bayan an daɗe da rufe ƙofar aji shida. Ko ita ɗin ma, Namadi aka faɗa wa.