Shehun da mahaifiyata ta ɗauko daga Khartum

Shekarun baya, lokacin ina jan motar wani ɗan kasuwa a Jidda, muna zaune a unguwar Hindawiyya ni da mahaifiyata. Iyayena sun taso daga gida da niyyar Hajji, hanya ta riƙe su a Sudan shekara da shekaru, can aka haife ni.

Tun ina ƙarami mahaifiyata take ba mu labaran wani bawan Allah da take kira Shehun ƙasar ƙanƙara. Shehu ne mai dariya, yana rawa da almajiransa in sun gama karatu, kuma daga faɗuwar ranar Juma'a ba a hura wuta a gidansa sai Asabar ta wuce. Ni na ɗauka wani sirri ne na ɗariƙarsa.

Ina da aboki mai tsire, suna sana'ar tare da yayansa. Suka ɓata a kan wata magana da aka kai wa matansu, har suka raba tukuba, ko sallama ba sa yi. Dattawa suka tara su a gidan limaminmu bayan la'asar. Aka yi nasiha, kowa ya kafe. Ni da aka kira don na kawo wani dattijo a mota kawai, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ɗauko ɗaya daga cikin labaran Shehun mahaifiyata, na ce wasu 'yan'uwa biyu sun taɓa kai ƙarar juna gaban wani shehu. Bai saurare su ba, ya ce rana ta kusa faɗuwa, su fara kai masa tukunyar miya gidan wata marar lafiya a ƙarshen gari. Tukunya mai kunne biyu, cike, tana tafasa, hanya kuma santsin ƙanƙara. Kowa ya kama kunne guda. Babban ya yi sauri, miya ta zubo wa ƙaramin a hannu. Dole ɗaya ya ce "a hankali", ɗaya ya ce "ɗaga naka". Da suka dawo shehu ya ce to, su kawo ƙarar. Suka rasa ta inda za su fara.

Sai yayan abokina ya share ido da hannun riga, ya miƙa wa ƙaninsa hannu. Ranar har kafaɗata ta ƙara faɗi.

Da za mu fita liman ya riƙe ni. "Wane shehi ne wannan? Ka samo min sunansa, mu yi masa Fatiha ranar Juma'a, in kuma ba da labarin a wajen karatu."

Na iske mahaifiyata tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, Shehun nan naki, Batijjane ne ko Baƙadire?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bayahude ne."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ɗan nan, ai na zaci ka sani. A Khartum na yi wa wasu Yahudawa wanki. Akwai tsohuwa a gidan, daga wata ƙasar Turai mai sanyi ta zo. Shehun nan malamin kakanta ne. Takan zauna kusa da ni ina guga, tana ba ni labarinsa da guntun Larabcinta, wani lokaci tana kuka. Ta ce garinsu ba wanda ya saura."

"To me ya sa kike ce masa Shehu?"

"Da me zan ce masa? Mutum mai gemu, mai almajirai, ana zuwa neman addu'arsa. Ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da kai, tsohuwar nan ce ta zauna a kanka har likita ya zo."

Ku tuna, lokacin rediyo ba shi da zance sai yaƙi da Isra'ila. Na yi kwanaki ina tuƙi kamar wanda aka buga wa taɓarya a ka, har na wuce kwanar Abhur da maigidana a baya yana "Yalla, ina za ka kai ni?" In faɗa wa liman, me za a ce da mahaifiyata a unguwa? Sulhun ma zai tsaya? In yi shiru, a yi Fatihar da ban san hukuncinta ba.

Ranar Alhamis na sami liman shi kaɗai, na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Abokin naka da yayansa, suna cin abinci tare yanzu?"

"Allah gafarta malam, har tukubar sun mayar guda."

"Halas, shi ke nan," ya ce. Na jira sauran maganar, ba ta zo ba. Juma'a ta yi, ba a yi Fatiha ba. Amma bayan wani lokaci na ji shi da kunnena yana ba da labarin tukunyar a wajen karatu, ya ce wani mutum ne daga mutanen da.

Yanzu liman ya rasu, mahaifiyata ma. Jikokina sun fi jin Larabci, amma suna son Shehun ƙasar ƙanƙara, ni kuma ba na ɓoye musu ko wane ne. Wata rana ƙaramar ta tambaye ni, "Jaddi," wato kakana, "to wace addu'a ake yi masa?" Har yanzu tana jiran amsa.