Gugan Aro

A zauren da ƙungiyar tarihi ta Tasawa take baje kayan kakanni, wani dattijo yana tsaye da ƙunshi a hammata. Dogo ne, tafukansa duk kanta. Ina jin makiyayi ne daga wajen Mayahi, wanda ya tsufa a bakin rijiya. Duk wanda ya zo bayansa, sai ya matsa ya ba shi wuri.

Da layi ya ƙare, ya kwance tsumman a gaban matar da take karɓar kaya. Tsohon gugan fata ne, ya bushe, gindinsa ya tsage.

Ta ce, "Baba, kyauta ne ko aro?"

Ya jima yana shafa bakin gugan.

"Aro ne, ɗiyata. Na mahaifina ne. In mutane sun gama kallo, zan dawo in ɗauki abina."