Wuƙar Kakan Haji Dirir

A Hargaisa babu gidan da ba shi da kaka jarumi. Ka shiga kowane falo, za a nuna maka billawe rataye a bango, wuƙar nan mai baki biyu da ƙotar ƙaho, a ce maka da ita kakan gidan ya kori Turawa. Da duk wuƙaƙen nan sun ga yaƙi, da babu Baturen da ya koma gida da kai a wuyansa. Mutum ɗaya ne a garin yake iya sauke kaka daga jarumta da kalma biyu, shi ne Warfa Gedi.

Warfa ɗan maƙera ne, 'yan Tumal. Su ke ƙera abin da manya ke taƙama da shi, su ne kuma ba a ba su aure, ba a haɗa kwano da su. A shagon shayin da ya shekara ashirin yana zama, kofinsa daban yake, rataye a ƙusa. Mai shayi ya ce girmamawa ce.

Ya tashi yana yi wa ubansa zuga. Uban nasa, Gedi, bahago ne, kuma duk wuƙar da ya gama sai ya ja mata layi uku da magagari a wuyan ƙota, na ukun a karkace, sannan ya naɗe wurin da wayar azurfa. Shekarar da jiragen yaƙi suka ragargaza garin, shi da ubansa suka gudu a ƙafa zuwa Habasha, Gedi ya rasu a sansanin 'yan gudun hijira. Da Warfa ya dawo, rami ya tarar a inda maƙera take. Ko awartaki bai tsira da shi ba.

Bai koma ƙira ba. Ya kafa tebur a kasuwa yana tara tsofaffin wuƙaƙe, yana kuma duba na mutane. Ya ƙyasta ƙarfe da farce ya saurara, ya shinshina kube, ya gaya maka ko tsatsar ta shekaru ce ko ta damina ɗaya a turken awaki. Ya taɓa gaya wa wani attajiri cewa kakansa, in dai da wannan wuƙar ya yi yaƙi, to da albasa ya yi. Ana zaginsa, ana dawowa, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma kafin komai, duk wuƙar da ta zo hannunsa sai ya ɗan ture wayar azurfar ya leƙa. Mutane sun ɗauka sirrin sana'a ne. Matarsa Ambaro kaɗai ta san ubansa yake nema. Shekara talatin yana leƙawa, bai ga layi ukun ba ko sau ɗaya.

Sai ga Haji Dirir ya aiko a kira shi. Dattijon dangi ne, mai gemu ja da lalle. Ya gina sabon falo, dangi sun sauko daga Ingila da Norway, an yi wa wuƙar kaka akwatin gilashi mai fitila a ciki. Matsalar wani ɗan ƙaninsa ne mai suna Samatar, tashin Norway, wanda karatu ya yi wa yawa har yake tambayar hujja.

An shimfiɗa wa Warfa tabarma a bakin ƙofa, kusa da takalma. Aka kawo masa shayi a kofin roba, daga ganinsa ka san ba zai koma cikin gida ba.

"Kai ɗan Gedi," in ji Haji, "duba mana. Wannan yaron ya ce kakana ƙage ne."

"Kawu, ni ban ce ƙage ba ne," Samatar ya ce. "Na ce kowa a garin nan kakansa jarumi ne, to matsoratan ba su haihu ba ne?"

"Rufe mana baki, ɗan dusar ƙanƙara. Kai kuma ɗan Gedi, faɗi gaskiya, kada ka ji tsoron gemuna. In tsohuwa ce ta shiga gilashi. In ta jiya ce ka tafi da ita, tarkacen maƙera ai gidan maƙera ya dace da shi."

Haji ya ajiye wuƙar a ƙasa, Warfa ya ɗauka. Ya ture wayar kamar kullum, ba tare da tsammanin komai ba. Layi uku, na ukun a karkace.

Ya ma san wuƙar. Daga sifirin ɗin wata tsohuwar mota mai zuwa garin Barbara aka sare ƙarfenta, shi ya yi zugar har kafaɗunsa suka ƙage. Ya tuna ranar da mahaifin Haji ya zo karɓa, ya ce a ajiye masa a ƙasa kada hannu ya haɗu. Wuƙar jarumin kaka ke nan, ko shekara hamsin ba ta cika ba, kuma iyakar yaƙinta ragon layya. Kalma ɗaya zai faɗa, gaskiya tsantsa irin wadda ya saba, ya naɗe ubansa a gyale ya tafi da shi gida. Sonta ya kama shi.

"Ka yi shiru," in ji Haji. "Ko idon ne ya mutu?"

Warfa ya ɗaga kai. Maza wajen talatin a kan kujeru masu laushi, kowa ya miƙo wuya. Can a ƙuryar falo, wurin da ake zaunar da babban baƙo, akwatin gilashi na jira da jan ƙyalle a ciki. Gedi ya mutu bai taɓa wuce bakin ƙofar gida irin wannan ba.

Ya mayar da wayar ta rufe layukan.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin ina duba wuƙa, ban taɓa riƙe kamar wannan ba."

"Shekarunta nawa?" Samatar ya tambaya.

"Ɗari da ashirin, ba kasawa. Wanda ya ƙera ta ba a sake yin irinsa ba."

"Wa ke maganar wanda ya ƙera?" Haji ya daka tsawa cikin murna. "Mu wanda ya riƙe muke magana!"

Falo ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Aka shiga miƙa wuƙar hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa da hannu biyu ya sumbata. Haji ya fi kowa daɗewa, leɓensa daidai kan wayar azurfar, hawaye na bin jan gemu. Har Samatar ya sunkuya. Warfa ya shanye shayinsa, ya lalubo takalmansa a cikin na manya.

A gida Ambaro ta ajiye masa tuwon dawa da nonon raƙumi, ta ji labari a tsaye.

"Ka gan ta da idonka, an ce ka ɗauka, ka baro ta? Warfa, lafiyarka kuwa?"

"In na kawo Baba nan, ƙarƙashin gado zan sa shi, cikin akwatin kwano. Can kuwa fitila aka kunna masa."

"Da sunan kakan wani."

"Eh. Amma ba ki ga yadda Haji ya tsotsi hannun Baba ba."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa inda ya so, ya juya fuska bango.

Har yau duk Sallah dangin Haji Dirir na jeruwa su sumbaci wuƙar, Warfa kuma ba a sake gayyatarsa gidan ba, don aikinsa ya ƙare. Yana nan a teburinsa, yana ƙyasta ƙarfe yana ɓata wa kakanni suna. Sai dai ya daina ture wayar azurfa. Masu kawo wuƙa sun lura, suna cewa tsufa ne ya sa shi kasala.